Mayafin Alharinin Inna

Da safiyar Laraba Yaya Babba ta buɗe akwati ta ɗauko koren mayafin alharini da mahaifiyarsu ta rasu ta bari, ta ji shi sandar-sandar a hannu. Ta aika aka kira Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta yi shekara talatin a kan keken ɗinki kafin ido ya gaza.

Gwaggo ta karɓi mayafin. Ta zare zare biyu daga gefen mayafin, ta ɗora a faranti, ta ƙyasta ashana. Zaren ya nannaɗe, ya narke, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri.

"Alharini ƙaurin gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa," in ji ta. "Auduga kuwa ƙaurin takarda. Wannan roba ce. An yi miki musanya. Hannun wa da wa ya shiga?"

"Tela ta yi masa kalmasa, mai wanki ya goge, sai akwati."

Gwaggo ta ɗaga shi ga hasken taga. Kalmasar ɗinkin hannu ce, a karkace kamar tafiyar kaguwa. A kusurwa guda akwai tabo mai sheƙi, faɗin tafin hannu.

Ta fara da tela.

"Da me kika yi kalmasar?"

"Da keke mana, Gwaggo. Rabona da allurar hannu tun ina koyo."

Gwaggo ta duba ɗinkin da ke rataye a shagon, ko'ina miƙe yake ɗoɗar. Ta wuce wurin mai wanki, ta nuna masa tabon.

"Haba Hajiya! Ni zan ɗora wa roba dutsen guga da zafinsa? Ai da tuni na koma sayar da ruwa."

Ta kifa duwatsun gugarsa uku ɗaya bayan ɗaya. Tas suke.

Da ta koma gida, ta tarar da Auta, ƙanwar Yaya Babba, tana shara a tsakar gida.

"Auta, ara mini dutsen gugarki."

"Ya lalace, Gwaggo."

"Kawo shi haka nan, ni ma lalatacciyar ce."

Auta ta kawo shi tana jan ƙafa. Gwaggo ta kifa shi a gabanta da Yaya Babba. Wani koren abu ya daskare a gindinsa. Ta kankare shi da farce.

"Sabon yadi yana zuwa da karin ninki," ta ce. "Wanda ya yi musanyar sai da ya goge shi don ya saje da tsohon. Tela da mai wanki sun san roba ba ta son zafi. Wanda bai sani ba shi ya ƙure wuta, yadin ya narke ya manne. Alharini babbakewa yake yi, ba ya mannewa. Ina ainihin mayafin?"

Auta ta ajiye tsintsiya, ta shiga ɗaki, ta fito da shi naɗe cikin rigar matashi.

"Wata bakwai ina jinyar Inna," ta ce. "Ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Da aka zo rabo, aka ce babba ce za ta ɗauka."

Yaya Babba ta karɓi mayafin, ta daɗe tana shafa shi.

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"Da kin ba ni?"

Gwaggo ta gyara zaman tabaraunta, ta tura ƙafa cikin takalmi.

"Na yadi na iya," ta ce. "Wannan kuma sai ku."