Hayaƙin da Ya Sauya Mota

Ranar Litinin da safe Madam Rosemary, tsohuwar hedimistires, ta kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Kafanchan. Motar da mijinta ya mutu ya bar mata ta koma shan baƙin mai kamar ruwa, tana tuƙa hayaƙi. Direbanta Levi ya ce tun da aka kai ta sabis wurin makaniki Baba Gershon ta lalace, wai tsohon ya cire turbonta mai kyau, wato na'urar da ke ƙara wa inji iska, ya sa mata mushe.

Sufeto Yemima ce ta karɓi ƙarar. Mahaifinta direban jirgin ƙasa ne, kuma tana yarinya takan kai masa abinci Loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, zamanin da usur ɗin jirgi ne agogon gari. A can ta san Gershon, makanikin da ko Turawa suke jin maganarsa. Yanzu ciyawa ta cinye layukan dogo, Gershon kuma har an ce ya dakata da zama cikin dattawan ikilisiya sai an wanke shi.

Ta same shi a garejinsa. Bai tsaya rantsuwa ba, tambaya ya jefo mata, kamar ita ce ake tuhuma: wane launi ne hayaƙin? Ya ce fari ruwa ne, baƙi man tanki ne ya yi yawa, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. In da sanyin safe kawai yake fita, matsalar a kan inji take. In sai mota ta daɗe a tsaye tana aiki aka taka ta sannan ya turnuƙe, a dubi turbo.

"Ki je ki duba notina, 'yar direba," in ji shi. "Kowane noti da na ɗaure, ina ja masa farin fenti. Haka Relwe ya koya mana."

A gidan Madam, Yemima ta sa Levi ya tayar da motar, suka jira, ya taka. Shuɗin hayaƙi ya rufe tsakar gida. Ta sa aka zare bututun iska, sai ga mai yana ɗiga.

"Bayan Baba, wa ya taɓa injin nan?"

"Babu kowa, ranki ya daɗe."

Ta haska notunan turbon. Fentin na nan, amma layukan sun karkace, kowanne ya kalli gabansa. A bakin bututun mai kuma an lafta jan gam. Ta tuna Gershon a Loko yana yanka gasket na hana yoyo da 'yar guduma a kan takarda, yana zagin masu shafa gam da cewa ragwaye ne.

Ta tambayi Madam ko Levi na da mota. Madam ta yi dariya, ta ce yana da wata akwala irin wannan, ƙaninsa na jigilar Samaru Kataf da ita, har 'yan tasha na kiran ta Maganin Sauro. Amma kwanan nan, Allah ya taimake shi, ta daina hayaƙi.

Yemima ta sa aka kawo akwalar. A cikin injin da ya yi baƙi ƙirin, turbo ne kaɗai ke sheƙi.

Levi ya durƙusa. Ya ce ya ga motar Madam sai Lahadi take fita, ya zaci ba za a gane ba. Da hayaƙi ya tona, sai ya jingina wa tsohon.

Aka kira Gershon ofis. Yana tsaye aka wuce da Levi da ankwa. Madam ta matso, idonta ya cika, ta ce ya gafarta mata, za ta je ta faɗa wa Rabaran na ikilisiyarsu da bakinta.

"Na gafarta, Malama," in ji shi. "Levi ɓarawo ne, nasa mai sauƙi ne. Amma ke, shekara arba'in muna sujada tare, ko tambaya na ba ki yi ba."