Lallen Inna a Gaban Na'ura

"Ban yarda ba! Wallahi Khaulat ban yarda a tsaga min ke ba!"

Inna Rekiya ta faɗa tana buga murfin tukunyar da take turara shinkafa.

"Inna, mijina ne fa..."

"Ni kuma 'yata ce ke! Ƙoda wasa ce? Ina 'yan'uwansa?"

"An gwada su duka, Inna. Tawa ce kaɗai ta dace."

Wata huɗu ke nan Abdulrauf yana kwance a wani asibiti a Indiya ana masa wankin ƙoda. Mutumin da yake wuni tsamo-tsamo yana ban ruwa a gonarsa ta Kadawa bai ce wash ba, yanzu ko a waya sai ya huta kafin ya ƙarasa kiran sunanta. Bizar wata shida ta fito, tikiti ya fito, yardar Inna ce kawai ta ƙi fitowa.

Ana jibi tafiya sai ga Inna da kwanon lalle. Ba ta ce ta amince ba, ita bakinta bai iya irin wannan maganar ba.

"Miƙo hannun. Ba za ki je wa miji da hannu fari fat kamar mai takaba ba."

Khaulat ta tuna a ofishin biza an ja mata kunne kada ta sa lalle a yatsunta, don za a sake duba zanensu in ta sauka. Amma ta ga hawayen Inna na ɗiga a kwanon, to wa zai janye hannu? Inna ta yi mata dunƙule, washegari ta maimaita, har yatsun suka yi baƙi wuluk.

Da hantsi jirginsu ya sauka. Layi ya kawo kanta, jami'in shige da fice ya karɓi fasfo ya nuna mata wani ɗan gilashi na na'urar duba yatsu. Ta ɗora yatsu, fitila ta kawo ja. Ta goge a hijabi ta sake, ja. Hagu ma ja.

"Sai yatsunki sun yi daidai da na bizarki za ki shiga," ya ce da Turanci. "Koma gefe."

"Don Allah, mijina ba shi da lafiya..."

"Gefe, madam. Na gaba!"

Aka kai ta wani ɗaki mai sanyi kamar firji. A nan aka gaya mata a taƙaice: za a sake gwadawa sau ɗaya, in na'urar ta ƙi, jirgin yamma zai mayar da ita. Gobe kuwa likitoci za su fara gwaje-gwajenta, kuma sun riga sun faɗa cewa jikin Abdulrauf ya fara gajiya da wankin.

Tsoro ya kama ta. Ba ta iya kiran shi ba. Sai ta kira Inna.

"Kin sauka lafiya?"

"Inna, za su dawo da ni! Na'urarsu ta ƙi ganin yatsuna... lallen ne..."

 Ta cikin wayar tana jiyo ƙarar injin casa daga can Kura. Zuciyarta ta raya mata yanzu Inna za ta ce alhamdulillahi, dama Allah bai nufa ba.

"Innalillahi! Ni na kashe yaron nan da hannuna?" Muryar Inna ta fashe. "Khaulat, tashi! Akwai makilin a jakarki?"

"Akwai."

"Shiga bayi ki shafa, ki dirje da buroshi. Ko fatar za ta saɓule ki dirje! Kada ki kuskura ki dawo min gidan nan da ƙodar nan guda biyu, kin ji ko?"

Khaulat ta shiga bayi ta durje. Ta sa sabulun da ke bango, ta sa ruwan zafi, ta goga a gefen famfo. Amma lallen Inna ba na wasa ba ne, duk unguwa ita ake kawo wa amare. Baƙin ya koma ja, jan ya tsaya cak, fatar ta kumbura ta fara tsattsafo jini. Tana durza tana kuka tana kiran sunayen Allah duk waɗanda ta sani.

Wata jami'a babba, mai furfura a goshi, ita ta zo ta tafi da ita gwajin ƙarshe. Khaulat ta ɗora yatsun tana rintse ido don zafi.

Ja.

Ta zube a ƙasa. Turancin makaranta duk ya gudu. Takardar asibiti kawai ta zaro ta ɗaga sama da hannu biyu.

Matar ta karɓa ta karanta, sannan ta riƙo hannun tana juyawa.

"Biki aka yi?"

"A'a. Mahaifiyata ce... ta sa min albarka."

"Ke za ki ba shi ƙodar?"

Ta gyaɗa kai.

Matar ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma yi alkawari ba. Ta ɗauki fasfo da takardar ta shige ciki. Ta gilashi Khaulat tana hango ta tana buga waya, tana gardama da wani mai manyan anini a kafaɗa. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama hanya. Aka kira ta aka ɗauki hoton fuskarta, aka tambaye ta sunan kakanta, ranar aurenta, sunan likitan. Aka sake cewa ta zauna.

La'asar ta kusa matar ta fito. Ta buɗe fasfon a kan tebur, ta ɗaga hatimi.

Dum!

"Ki sa magani a yatsun nan kafin likita ya gani. Tafi."

Da ƙyar ta iya danna wayar. Ta daɗe tana ƙara kafin Abdulrauf ya ɗauka.

"Khau... lat..."

"Na'am, nurin zuciyata."

"Tun safe nake kallon ƙofa. Na ce ko kin fasa... kuma da ban ga laifinki ba."

"Abdul, in ka sake faɗin haka sai na ɓata da kai!" Kuka ya ci ƙarfinta, ta jingina da bango. "Na shigo. Ka ji? Na shigo! Ka daure min minti arba'in kawai."

Ta ji numfashinsa yana rawa a kunnenta.

"Zan daure," ya ce. "Taho a hankali."

Ba ta taho a hankali ba. Da gudu ta fita, har takalminta ɗaya ya cire, ba ta tsaya ɗauka ba.