Ruwan Zafi a Cikin A-kori-kura

Rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, maigidan kuwa, wanda direba ne, yana nan durƙushe cikin tsohuwar a-kori-kurar da mahaifinsa ya mutu ya bari. Ta yi shekaru a ƙarƙashin rumfa ba mai ko buɗe ƙofarta, sai da aka sallame shi daga wurin da yake tuƙi ya tuna da ita. Inji dai bakanike ya tashe shi. Saura ciki: kujera ta ruɓe, soso ya zama gari, kafet ɗin ƙasa in ka taka sai warin ruma ya tashi.

Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya zuba masa gaggawa. Ko shayi a tsaye yake sha. Tun hantsi ya kwance notuna, ya cicciɓo doguwar kujerar ya jingine a bayan ɗaki, don mai ɗinkin kushin ya ce zai kawo sabuwa da safe. Kafet ne ya gagara. Tsohon gam ya riƙe ƙarfe, ya yi ta kankara da wuƙa har yatsunsa suka fashe.

"Maigida, ka bari sai gobe mana," in ji matarsa tana kwashe shanya. "Almuru ya yi."

"Gobe sabon kafet zan shimfiɗa. Ruwan da ke kan murhu ya tafasa?"

"Na wankan 'Yar Baba ne."

"Ta jira."

'Yar Baba ita ce 'yarsu tilo, wadda suka samu bayan sun fid da rai, yarinya ce da ta fara tasawa, bakinta ba ya hutawa. Tana tsaye a ƙofar motar tana yi masa tsiya, wai kakanta ma ya fi shi iya aiki. Ya sunkuci tukunyar, ko bisimilla babu, ya sheƙa ruwan a kwarin da kujera ta tashi, inda gam ya fi kauri. Tururi ya turnuƙe. A cikin tururin aka ji wata 'yar ƙara, siririya, gajera, irin ta jaririn da aka firgita a barci. Ya ce kyanwa ce. Ba wanda ya ga kyanwa.

Kashegari aka shimfiɗa kafet, aka ɗaure sabuwar kujera mai ƙamshin leda. Da magariba ta yi sai tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ya gaji. Direban ya zagaya gida da sanda bai tarar da kowa ba. Da ya dawo sai ya ji murya daga cikin motar, muryar mace, tana rarrashin yaro ƙasa-ƙasa, ga ƙofofi a kulle.

Daga ranar bakin 'Yar Baba ya mutu. Ta daina cewa Baba, ta daina cewa Mama, tana dubansu kamar baƙi. Da rana ta karkata sai ta miƙe ta shiga motar, ko an kulle, ta ƙi hawa sabuwar kujera, ta takure a ƙasa wajen taka ƙafa. Aka kai ta asibiti, aka auna, aka ce lafiyarta ƙalau. Ita kuwa sai ramewa take yi, idanu na shigewa.

Abin da ya fi karya uwar shi ne kitso. Wata safiya ta cire wa yarinyar ɗankwali ta tarar an yi mata kitso ƙanana, tsaf, irin wanda ba ta taɓa gani a hannun mutum ba, har an shafa mai. Ta zauna daɓas ta fashe da kuka.

"Ba cutar da ita ake yi ba, Maigida," ta ce. "Reno ake yi. Wata ce take ƙwace mini 'ya ina kallo."

Sai direban ya je ya ɗauko wani dattijon malami mai ɗingishi, wanda aka sani da karatu ga masu irin wannan lalura. Malam ya hana a fito da yarinyar da ƙarfi. Bayan sallar magariba ya sa aka ajiye masa kujerar tsugunno a ƙofar motar, ya fara karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Tsakuwa ta tsaya. Kaji suka yi tsit a akurki. Can jikin yarinyar ya fara kyarma, ta ɗago kai, muryar da ta fito kuwa ta babbar mace ce da kuka ya dusashe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa na gaji da ƙuna."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai zama a nan ce. Tun da tsohon ya daina zuwa muka tare a ƙarƙashin kujerarsa, ni da ɗana. Ba mu taɓa ɗaukar musu ko allura ba. Da aka ɗage kujera na fita neman inda za mu koma, na bar shi yana barci a kwarin nan." Ta juya ta dubi direban. "Da ya ambaci sunan Allah, da na ji daga inda nake, da na zo na sure shi."

Direban ya dafa ƙofar motar.

"Yaron fa?" in ji Malam a hankali.

"Bai kai safiya ba. Shi ya sa na ɗauki tasu 'yar. Ba na dukanta, ba na barinta da datti."

"Tana mutuwa a hannunki. Abincinku ba nata ba ne. Ubanta bai gan ku ba, bai nufa ba, yarinya kuwa ba ta zuba ruwa ba. Kin san hukuncin Allah a kan wannan."

"To a bar mini ita da almuru kawai."

"Ko ƙiftawar ido."

Hawaye na bin kumatun yarinyar, amma kowa a wurin ya san ba nata ba ne.

"A ba ni tsohuwar kujerar," muryar ta ce. "Ƙamshinsa na jikin sosonta. A kai ta inda ba mutane."

"An ba ki. Sai me?"

"Tun da abin ya faru, sanda ake bi na da ita, ana kulle mini ƙofa. Ba wanda ya yi mini gaisuwa."

Malam ya juya ya dubi direban. Mutumin nan da bai iya zama wuri ɗaya ba ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙasa gaban 'yar cikinsa.

"Baiwar Allah, ya haƙuri? Ni ne. Hannuna ne. Ki yafe mini. Allah ya ba ki dangana."

Matarsa ta matso ta durƙusa a gefensa. "Na san zafin jiran ɗa, 'yar'uwa," ta ce. "Allah ya sanyaya miki."

"Amin," in ji muryar, da ƙyar. "Ku riƙa shafa mata mai a ƙeya, wurin yana bushewa."

Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki, uwar ta tare ta. A bayan ɗaki aka ji sifirin ɗin tsohuwar kujera ya yi ƙara, kamar an zauna a kai. Malam ya shafa addu'a, ya ce da gari ya waye a ɗora kujerar a bayan motar a kai ta nesa, kada a waiwaya.

'Yar Baba ta buɗe ido a hankali. Ta dubi uwarta, ta dubi baƙon dattijo, sannan ta ga mahaifinta durƙushe ba takalmi, gemunsa sharkaf da hawaye.

"Baba," ta ce da 'yar muryarta, "wa ya rasu?"

Ya jawo ta ya rungume.

"Ɗan maƙwabciyarmu ne," ya ce. "Ƙarami ne, ba ki san shi ba."