Fenaltin Bayan Magariba

Furera tana kwashe tuwo, ɗiyarta Shamsiyya tana jera kwanoni a kan tabarma, lokacin da dutsen farko ya faɗo bisa rufin ɗakin mijinta Dauda. Magariba ce irin ta kullum a wannan gari na tsakanin Madawa da Buza. Awaki sun shigo, hayaƙin kara ya kwanta a kan gidaje, masallatai sun sallame. Dutsen ya gangaro a hankali, ya faɗi gaban murhu. Ja ne, mai nauyi, irin na tudun bayan gari. Kafin Furera ta miƙe na biyu ya sauka, sai na uku, daga nan gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi a akurki.

"Ɗiyan maƙwabciyarmu Dorkas ne," in ji Furera. "Gobe sai na ga uwarsu."

Dauda yana zaune da tuwo a gabansa, amma idonsa na kan ƙofar ɗaki, inda ya cusa balo, wato ƙwallon ƙafa, ƙarƙashin gado tun jiya.

Bari ku ji wane ne Dauda. Shekararsa arba'in da uku, dillalin albasa ne, ga tumbi ya fara rigansa shiga ɗaki, amma shi ne kapiten na ekip, wato ƙungiyar ƙwallo, ta magidantan unguwarsu. Irin ekip ɗin nan ne da ake gudu minti goma a huta minti biyar, kowa na ɗaure da gwiwa. Suna karawa da wasu ekip biyar na garuruwan kusa, kuma babu abin da ake ci sai wani kofi na roba da damar yi wa abokai dariya shekara guda. Filinsu yana bakin ƙorama, ƙarƙashin tudu. Tsohon mai unguwa da ya ba su shi, Allah ya jiƙansa, sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya ce filin aro ne: daga la'asar zuwa kiran magariba nasu ne, daga kiran salla kuwa na masu shi ne, kada kowa ya ƙara taɓa balo.

Wanda ke tsare wannan sharaɗi shi ne Yoshuwa, mijin Dorkas, maƙwabcin Dauda katanga da katanga kuma abokinsa tun suna yara. Ma'aikacin jinya ne a asibitin mishan, da gwiwarsa ta lalace sai ya koma alƙalin wasa. Kirista ne, amma ya fi kowa jin gyaran muryar ladan a lasifika, har ana tsokanarsa da ladan na biyu. Da ya ji, sai ya busa usur, ko da balo yana bakin raga.

To jiya suka kara da malaman lakwal, wato makarantar boko, na Keita. Ana ɗaya da ɗaya, rana ta yi ja, aka ba su fenalti. Dauda ya ture kowa ya ce shi zai buga. Ya ja da baya, ya taho da tumbinsa, ya aika wa tsuntsaye da balo. Ladan ya gyara murya, Yoshuwa ya busa, wasa ya ƙare. Dariyar da aka yi masa kuwa, har da ta mutanensa, ita ce ta tsaya masa a wuya.

Kowa ya nufi masallaci, shi ya tsaya wai yana kwance takalmi. Da fili ya zama ba kowa, sai ya ɗauko balo ya dasa a wurin fenalti. Yana jin an tada salla. Yana sane da maganar tsohon mai unguwa. Amma girman kai rawanin tsiya, so yake kawai ya ga balon nan cikin raga ko sau ɗaya, ko da babu mai gani. Ko bisimilla bai yi ba, ya buga da duk haushin da ke cikinsa.

Balon bai shiga ba. Ya tsaya cak a tsakiyar ragar da babu kowa, da ƙara irin ta abin da ya bugi ƙirji, sai wata 'yar murya ta ce "wash", sau ɗaya tak. Balon ya faɗi, ya gangaro a hankali har gaban ƙafar Dauda. Ya sunkuce shi ya yi gida, bai waiwaya ba, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Magariba ta biyu duwatsun suka dawo, uku, lokaci guda. Furera ta leƙa ta katanga ta faɗa wa Dorkas maganganun da shekara goma sha biyar na maƙwabtaka ba su taɓa ji ba. Dorkas ta rantse ɗiyanta suna ɗaki suna addu'ar yamma, ta koma tana kuka. Akwai wata 'yar kafa a katangar, ta nan matan biyu ke miƙa wa juna garwashi da gishiri. Da safe Furera ta kwaɓa laka ta toshe ta. Dauda yana tsaye yana kallo, har shi ya miƙa mata ruwan kwaɓin. Kunya ta hana shi magana, tsoro kuma ya taya ta.

Magariba ta uku ba a yi jifa ba. Shamsiyya, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, tana ɗauke da buta za ta kai wa ubanta, sai ta tsaya, ta ce "wash", ta dafe ƙirji ta zube. Muryar nan Dauda ya san ta, ya ji ta a bakin raga. Numfashin yarinyar ya koma guntu-guntu, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa.

Ihun Furera ne ya kawo Yoshuwa. Bai tuna da zagin jiya ba, ya ɗora yarinyar a babur, uban na riƙe da ita a baya, sai asibiti. Aka auna, aka ɗauki hoton ƙirji, ba a ga komai ba. Sai dai wani tabo zagayayye a tsakiyar ƙirjinta, da zanen ɗinki a jikinsa. Yoshuwa ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya ɗago.

"Kapiten, wanga kamar sawun balo ne."

"Ƙila a lakwal aka buge ta," in ji Dauda, yana kallon ƙasa.

Da rana yarinyar takan ɗan sha kunu. Da ladan ya kira magariba sai numfashin ya sake tsinkewa, kuma kowace rana ya fi na jiya gajarta. A kwana na bakwai yayan Furera ya ɗauko Malam Shamsuddin daga Babankatami, wani dattijo siriri mai maganar ƙasa-ƙasa, wanda ba ya yawo da komai sai Alƙur'ani da carbi. Ya iso bayan la'asar, ya zauna kusa da tabarmar yarinyar, ya dubi mutanen gidan.

"Akwai wanda ya zuba ruwan zafi ba bisimilla? Ko ya sare icce, ko ya yi jifa da magariba?"

Furera ta shiga lissafa laifukanta tana hawaye, har da tokar da ta taɓa watsawa bayan ɗaki. Malam ya juya ga mai gida.

"Babu, Malam," in ji Dauda.

Malam ya dube shi kaɗan, ya buɗe littafi ya fara karatu. Ya yi ta karantawa, inuwar katanga tana tsawo har ta rufe tsakar gida. Iska ta ɗauke. Maƙwabta suka taru a zaure, Yoshuwa na tsaye a bakin ƙofa. Rana na gab da faɗuwa Shamsiyya ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman manyan mata, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a dishe, kamar ta wadda ta kwana bakwai tana kuka.

"Ya isa, Malam. Karatunka shina ƙona ni, amma ni ma Musulma ce."

"To baiwar Allah, mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Ba ta yi min komi ba. Tambayi ubanta."

Duk ido ya koma kan Dauda.

"Ina da ɗa," muryar ta ci gaba, "ƙarami. Kullum tun la'asar shina zaune bisa tudu shina kallon ku. Duk cikinku wanga mutum ya fi so, in mutumin ya faɗi sai yaron ya zo shina ba ni labari. Na hana shi sauka sai an kira salla, kuma bai taɓa ƙetare maganata ba. In kun tashi, sai ya shiga raga ya yi ta tsalle shi kaɗai. Ranar nan an kira salla, lokacinmu ya yi, ya shiga. Sai ya ga gwaninshi ya dasa balo. Murna ya yi, Malam. Ya zaci da shi za a yi wasa. Ya buɗe hannuwa ya tare da ƙirji."

Furera ta rufe baki da gefen zane.

"Tun ranar shina kwance, numfashi bai kai mishi ciki. Na yi jifa kwana biyu don ubanta ya fito ya ce a yi haƙuri. Haƙuri kawai. Ya bari aka zagi maƙwabta. Yanzu ma ina ji ya ce maka babu. To numfashi da numfashi. In nawa ya tafi, ɗiyarshi ta bi shi."

Dauda ya zube a kan gwiwoyinsa. Abin da ya riƙe kwana bakwai ya fito duka, a gaban matarsa da abokinsa da rabin unguwa: yadda ya bar salla, yadda ya buga, yadda ya ji muryar ya gudu. Yana faɗi yana kuka, kuka mai muni irin na babban mutum.

"Ni na yi," ya ce. "Ki ɗauki ƙafar da ta buga, ki ɗauki ƙirjina. Ki bar min ɗiyata."

"Ba a ciniki da jiki a gabana," in ji Malam, bai ɗaga murya ba. Ya juya ga yarinyar. "Kin ce ke Musulma ce. To kin san rai ba ya ɗaukar laifin wani rai. An zalunce ki, na shaida. Amma in kika kashe wadda ba ta ji ba ta gani ba, da wace fuska za ki roƙi Allah ya tada naki?"

Hawaye suna zuba daga idon Shamsiyya, amma ba ita ke kukan ba.

"Abu biyu," muryar ta ce a ƙarshe. "Ƙafarshi ba ta ƙara taɓa balo har ya mutu. Kuma balon da ya ɓoye ƙarƙashin gado, na ɗana ne, shi ya tare shi. Kullum in an busa, ya dasa shi inda ya dasa ranar, ya tafi ba waiwaye."

"Na yarda," in ji Dauda.

Malam ya sa ta rantse da Allah ba za ta dawo ba, ba kuma za ta aiko wani ba. Ta rantse. Ya ce ta fita ta babban yatsan ƙafa. Sai Dauda ya matso.

"Yaron fa? Zai tashi?"

"In ka zo da safe ka iske balo cikin raga, ya tashi. In ka iske shi inda ka bari, to kai ka san abin da ka yi."

Ƙafar yarinyar ta hagu ta karkaɗa sau uku, ta yi atishawa, ta kwanta. Daidai nan ladan ya kira magariba. Kowa ya kasa kunne ga ƙirjinta, sai ga numfashi yana shiga yana fita, dogo, cikakke. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, ƙishirwa nike ji."

Washegari Furera ta fasa lakar da ta toshe kafar katanga da hannunta, ta miƙa wa Dorkas garwashi tana ba ta haƙuri. Dorkas ta karɓa. Yoshuwa bai yi wa abokinsa gori ba, ko kalma ɗaya, kuma wannan ya fi zagi ciwo a wurin Dauda. Cikin mako biyu tabon ya ɓace, Shamsiyya ta koma lakwal.

Har yanzu magidanta suna buga wasansu a bakin ƙorama, sun naɗa wani kapiten. Dauda yakan zauna a gefe da tsohon balon a cinyarsa, ba ya ihu, ba ya gyara wa kowa. In Yoshuwa ya busa, kowa ya watse, sai ya tashi ya yi bisimilla ya dasa balon a wurin fenalti da hannu, ya bi sahun masu zuwa masallaci.

Da an sallame asuba kuma, kafin ya wuce kasuwar albasa, sai ya bi ta filin. Tun daga nesa yake rage tafiya, yana kallon cikin raga tukuna, don ba ya son ya fara kallon ɗaya wurin. Damina ta wuce, an yi girbin hatsi, an dasa albasa an cire. Rana ta cinye launin balon, sau biyu yana kai shi a ɗinke.

Wata safiya Shamsiyya ta bi shi, da jakar lakwal a bayanta. Ita ba ta tuna komai ba, kuma ba wanda ya ba ta labari. Ta ga ubanta ya tsaya a kan balon, yana nan daram inda ya bar shi, raɓa ta jiƙa shi, babu sawun komai a gefensa.

"Baba, wa kake ajiye wa balon ga kullum?"

Dauda ya durƙusa ya matsa shi da yatsa, ya ji ya yi laushi. Ya zaro ɗan famfo daga aljihu ya fara ba shi iska.

"Wani yaro ne," ya ce. "Bai da lafiya. Ina son in ya tashi ya iske shi da iska."