Ɗakin da Aka Wanke Kafin Izini Ya Zo

Ranar da manyan baƙi suka zo babban banki duba tsofaffin takardu, sai suka tarar babu takardun. Ɗaki ne mara taga a ƙarƙashin ƙasa, tun kafin a yaye Darakta ake cusa masa takardun lissafi, sai ga shi wayam, ko ɓera ya shiga sai kaɗaici ya kama shi.

Darakta ya buga waya caji ofis ya ce an yi sata. Kafin Sufeto ya iso, Kofur ya riga ya damƙe maigadi ya jefa shi bayan kanta. Yo da wa zai fara? Duk gidan shi kaɗai ne mai takalmin roba.

Sufeto mutum ne mai tumbi da jinkirin magana. Ya sauka matakala yana nishi, Darakta na biye da shi da hankici a hanci.

"Me ɓarawo zai yi da ruɓaɓɓiyar takarda?" in ji Sufeto.

"Sirrin ƙasa ne. Ba a ƙona ko guda sai hukumar adana takardu ta ba da izini."

"Kun nema?"

"Mun nema har mun tsufa. Suka ce a ƙirga musu shafi-shafi. Muka ce laima ta manne su, ba sa ƙirguwa. Suka ce to a nemi izinin ɓanɓare su. Yau ne kwamiti ya zo ya gani ko da gaske sun mannu."

Sufeto ya juya kwaɗon ƙofa, lafiyarsa ƙalau. Ya shafa kanta da yatsa, babu ƙura. Ya sunkuya da ƙyar ya shinshina daɓe.

"Sabulu," ya ce. "Yallaɓai, ɓarawonku mai tsafta ne. Ni matata ma ba ta wanke ƙarƙashin gado haka. Wa ke da makulli?"

"Ni, da Uwar Sito mai kula da ɗakin. Amma ita kam cire ta. Ko biro ba ta taɓa tafiya da shi gida ba."

"Yaushe rabonka da saukowa nan?"

Darakta ya gyara wuyan riga. "Likita ya hana ni. Wurin ba ya shiri da ƙirjina."

Sufeto ya koma caji ofis ya sa aka fito da maigadi. Dattijo ne, siriri.

"Baba, ɗaki guda ya wuce ta ƙofarka. Me ka gani?"

"Barci nake yi, ranka ya daɗe."

"Kullum?"

"Kullum. Ni haka Allah ya yi ni."

"Ka san in ba a sami wani ba, kai za ka ɗauka? Gidan yari, kuma fanshonka ya tafi."

Maigadi ya kalli yatsun ƙafarsa. "Barci nake yi."

Kofur ya ɗaga hannu zai mari tsohon, Sufeto ya harare shi ya sauke. Sufeto dai ya san mai barci, kuma ya san mai tsare wani. Idon tsohon nan ja wur yake, bai yi kama da wanda ya taɓa ƙoshi da barci ba.

Ya sake komawa banki, ya bi ta bayan gini inda ake ƙona shara. Tanderu ne na bulo, gefensa toka ta yi tudu har kafaɗa. Wata mai shara na zaune a kan baro tana goge zufa.

"Iya, wannan tokar ta mece ce?"

"Ganye."

Sufeto ya waiga dama, ya waiga hagu. Siminti ne ko'ina, ko ciyawa babu.

"Ina bishiyar?"

"Iska ke kawo shi daga maƙwabta. Kai ɗan sanda ne ko mai gandun daji?"

Ta kama tari, irin mai tasowa tun daga ciki, har sai da ta dafa baron. Sufeto ya ɗauki sanda ya tona tokar, ya tona, ya murje da hannu. Laushi kamar kwalli. Babu ko ƙwayar ƙarfe a ciki. Ya san takardar ofis ba ta tafiya ita kaɗai, da fil da ƙarfe take tafiya, kuma wuta ba ta cin ƙarfe. To ina suka shiga?

Ya nufi ɗakin raba kayan aiki. Akawun wurin yana ganinsa ya tura wani kwali ƙarƙashin tebur da ƙafa. Sufeto ya jawo shi. Cike yake da fil, an goge tsatsa, an jera a gwangwanaye. Ga igiyoyin fayil an ɗaure su dami-dami, dogaye gefe, gajeru gefe.

"Daga ina?"

"Sababbi ne, ranka ya daɗe, jiya aka kawo."

"Sababbi masu warin funfuna? Ɗan'uwa, in za ka yi mini ƙarya ka bari na zauna tukuna, ƙafata na ciwo."

Akawu ya sunkuyar da kai. Sufeto bai matsa masa ba. Duk gidan nan mutum ɗaya ce za ta ƙone ɗaki guda amma ta kasa ɓarnatar da fil.

Ya same ta a wani ɗan lungu kusa da matakala, inda aka sa mata tebur. Uwar Sito 'yar ƙarama ce, da tabarau ɗaure da zare. Jakarta na kan cinya, mayafi a kafaɗa, kamar mai jiran mota.

"Ka daɗe," in ji ta. "Tun safe nake zaune. Haka kuke aikin?"

"Inna, ke kika ƙona su?"

"A'a, gara ce ta koyi ƙyasta ashana. Ni mana."

"Me ya sa kika cire fil?"

Ta dube shi ta saman tabarau kamar ya tambaye ta me ya sa take wanke hannu. "Fil kayan gwamnati ne, kuma lafiyarsa ƙalau. Takarda muka nemi izinin ƙonawa, ba fil ba. Ni ba maɓarnaciya ba ce."

Darakta ya iso yana haki, 'yan kwamiti na leƙe ta bayansa.

"Ke? Ke da na rantse a kanki? Me ya hana ki jira izini?"

"Na jira. Da na fara jira gashin kanka baƙi ne, yanzu babu gashin ma. Mataimakina da yake sauka ɗakin nan tare da ni yana asibiti da roba a hanci, likita ya ce huhunsa ya yi funfuna kamar takardun. Na rubuto maka, ka ce a kafa kwamiti. Mai shara ta fara irin tarinsa, ka ce a saya mata takunkumi. Shi ne na ce to, ni na ba kaina izini."

"Wannan cin amanar ƙasa ne!"

"Ƙasar ta sauko ta shaƙa mana. Kai ma ba ka sauko ba."

Wani ɗan kwamiti ya ce, "Baiwar Allah, akwai tsari. Da kin bi..."

"Kai ne mai ƙirga shafi? Ga su can bayan gini, je ka ƙirga. Yanzu sun ɓanɓaru."

Kofur ya juya baya yana tarin da ba na ciwo ba. Sufeto ya ɗaure fuska.

"Wa ya taya ki? Ɗaki guda bai ɗauku a hannun mace ɗaya."

"Ya ɗauku. Baro-baro, da rana tsaka, ta gaban tagar Darakta. In akwai wanda ya taya ni, shi ne, da bai taɓa leƙowa ba."

"Mai shara fa? Akawu fa?"

"Ɗan nan, an ce ka kamo ɓarawo, ka sami guda yana zaune yana jiranka. Kada ka yi haɗama. Da na san Kofur ɗinka zai ja tsohon can, da ni na buga muku wayar da kaina. Ku sake shi, ba shi da laifi sai taurin kai."

Sufeto ya ciro biro zai rubuta. Ya san baro ba ya tura kansa a kan matakala. Ya kuma san in ya ja zaren nan, rabin masu tari a gidan za su kwana bayan kanta. Ya mai da biro aljihu.

"Ita kaɗai ce," ya ce wa Kofur. "Mu je."

Kofur ya ciro ankwa, ya tsaya yana jin nauyi. Ta miƙa masa hannu biyu.

"Sa mini. Kuma ta babbar ƙofa za mu fita, ba ta baya ba. Ban yi abin ɓoyo ba."

Haka aka ratsa da ita ta tsakiyar masu sanye da kwat, tana gaishe su ɗaya-ɗaya, suna sunne kai.

A caji ofis aka buɗe wa maigadi. Yana ganinta da ankwa ya durƙushe, hawaye shar.

"Yaya, ai ban faɗa ba. Wallahi ban faɗa ba."

"Na sani, sakarai. Wa ya sa ka? Tashi ka je gida, jikokinka na can sun zuba ido. Ka yi wanka kafin ka taɓa su."

Ya fita yana waiwaye, takalminsa a hannu.

Kofur ya tura ƙofar ƙarfe, ta shiga. Ta dubi bango, ta dubi 'yar tagar da ke can sama, ta ja numfashi mai tsawo ta sauke.

"Sufeto," ta ce.

"Na'am, Inna."

"Ashe ku ɓarayinku taga kuke ba su."