Ɗigon Jan Fentin Baba

Wayyo maraici! Da hantsi, mutane suna kallo, duba-gari ya datse kwado a ƙofar shagon da Auta ta gada daga mahaifinta, ita kuwa tana durƙushe a gabansa, hawaye wani na bin wani. "Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa sayar da ruɓaɓɓen kaya ba... Ka shiga ka duba!" Ko kallonta bai yi ba. Ya ce gari duka ya ga hoton, za a yi bincike, ya jefa makulli a aljihu ya wuce. Matan da suka saba sayen sabulu da sukari a hannunta suka sunkuyar da kai suka watse ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta ce mata sannu.

Tun kafin wannan rana layin nasu ya fara mutuwa. Daga lokacin da katafaren kantin nan mai rassa a ko'ina ya buɗe a bakin gari, da fitilunsa da sanyinsa da kekunan tura kaya, mai burodi ya rufe, mahauci ya koma gadi, mai sayar da takalma ya tattara ya bar garin. Shagon Auta kaɗai ya rage yana numfashi, kuma abin da ya riƙe shi wani ɗan shafi ne da ta buɗe a intanet. Kullum da safe takan ɗora hoton kantar kaya ko tsohon sikelin Baba ko magen da ke barci a kan buhun shinkafa, ta rubuta 'yan layuka: wa aka haifa a layi, wa ya warke, me ya ƙare, me aka kawo. 'Yan garin da ke nesa suka maƙale wa shafin, su aiko a kai wa iyayensu kaya har gida. Da haka marainiyar Allah take rufa wa kanta asiri.

To, wanda ya buɗe mata shafin ɗan kawunta ne, wanda kowa ke kira Ɗan Gayu, ita kuma take ce masa Yaya. Mutum ne da bai taɓa ɗaga ko kwali ɗaya a shagon ba, sai dai ya zo ya zauna a benci yana gyara wuyan riga, ya sha lemo ya manta da biya. Shi ya san lambar sirrin shafin, domin Auta ba ta taɓa tunanin a ɓoye wa ɗan'uwa wani abu ba. Da kantin ya ɗauke shi aikin talla, har addu'a ta yi masa a shafin, tana murna kamar ita aka ɗauka. Kaico! Ashe shi lissafinsa daban: kantin na neman filin ajiye motoci a tsakiyar gari, Kawu, wanda takardun filin shagon ke hannunsa, ya ƙyalla ido a kan abin da za a ba shi, Auta kuwa ta ce shagon Baba ba na sayarwa ba ne.

Wata safiya ta tashi ta tarar shafinta ya ƙi buɗuwa. Kafin ta gane kan abin, gari ya ɗauka: an ɗora hoton gwangwanin madara da ya daɗe da lalacewa, an rubuta da sunanta wai tana neman gafarar jama'a, irinsa ta jima tana sayarwa saboda rashin ciniki. Da gudu ta isa gidan Kawu, mayafi na jan ƙasa.

"Yaya, shafina! An shiga shafina... Don Allah ka taimake ni!"

Ɗan Gayu ya ɗago daga wayarsa yana murmushi. "Ke ma dai, Auta. Zamani ya wuce ki, kin tsaya gadin gwangwanaye. Shafin yanzu na kanti ne, mutanenki ma sun gode."

Auta ta ƙura masa ido. "Kai ne? Yaya, kai da Baba ya goya? Me na yi maka?"

Kawu ya daka mata tsawa daga kan kujera. "Rufe mana baki! Kin zubar mana da mutunci a gari. Ki kwashe tsummokaranki daga ɗakin bayan shagon nan, jibi masu saye za su zo."

Haka aka yi. Ranar da aka rufe shagon aka watso mata kayanta waje. Abin da ya fi ci mata rai ba rashin wurin kwana ba ne, maganganun da ake kawo mata ne daga shafin, inda waɗanda ba su san Baba ba suke cewa ai gado ta yi, uban ma macuci ne. Baba! Mutumin da in ya auna maka sukari sai ya ƙara cokali don kada ya ci haƙƙinka! Ta kasa duba hoton ko sau ɗaya. Tsohuwa mai ɗinki da ke ƙarshen layi, wadda kowa ke kira Iya, ita ta ja ta ɗakinta. Auta ta daina cin abinci, sai kuka da ɗaga hannu: "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da kowa. Ko shagon bai dawo ba, Ka wanke sunan mahaifina..."

Ana gobe za a sa hannu a cinikin, Iya na ɗinki ta miƙa hannu ɗauko maɓalli, tsohon gwangwanin madarar da take tara maɓallai a ciki ya suɓuce ya gangara har gaban Auta, ya kife. A ƙasansa ga wani ɗan ɗigon jan fenti. Auta ta ɗauka ta rungume, kuka ya ƙwace mata. Tun tana ƙarama idon Baba ya raunana, ba ya ganin ƙananan rubutun ranar lalacewar kaya. Ita ke karanta masa, shi kuma ya tsoma tsinke a jan fenti ya ɗiga a ƙasan gwangwani, alamar an duba. Bayan rasuwarsa ba ta bari ba, babu gwangwanin da ke hawa kanta sai da ɗigonsa.

Iya ta tsayar da keken ɗinki. Ta lalubo wayarta, ta gyara tabarau, ta buɗe hoton nan. Don ya nuna ranar lalacewa, Ɗan Gayu kifa gwangwanin ya yi ya ɗauki ƙasansa tas... babu ɗigo, babu alamarsa! Ina zai sani, mutumin da bai taɓa juya gwangwani a shagon ba?

"Tashi, 'yar nan," in ji Iya. "Share hawayenki. Yau ƙafafuna za su yi aikin da suka daɗe ba su yi ba."

Gida gida tsohuwar nan ta bi. Washegari, Kawu da Ɗan Gayu da manajan kantin suna tsaye a ƙofar shago, duba-gari ya zo buɗe musu, sai ga mata sun cika layi, kowace da gwangwani a hannu: na gishiri, na allura, na ajiyar canji, har da wanda aka shuka fure a ciki. Suka jera su a ƙasa a kife. Ja, ja, ja, tun daga masu tsatsa na zamanin Baba har sababbi! Duba-gari ya shiga shago ya dinga juya kaya, ko ɗaya bai samu babu ɗigo ba. Ya ce a kawo gwangwanin hoton, wanda Ɗan Gayu ya kai masa a matsayin shaida. Manaja ya karɓa ya duba lambar jikinsa, fuskarsa ta canza, ya juya kan Ɗan Gayu.

"Wannan namu ne. Yana cikin lalatattun da na ba ka ka kai a ƙone!"

Ɗan Gayu ya fara in-ina, gumi ya jiƙa wuyan rigar da yake ji da ita. Nan take manaja ya ce ya sallame shi, cinikin fili kuma ya fasa. Duba-gari ya riƙe wa Ɗan Gayu hannu, sai da ya faɗi lambar sirrin a gaban kowa kafin a tasa ƙeyarsa. Kawu ya matso yana cewa, "'Yata, sharrin Shaiɗan ne..." Auta ta dube shi da jajayen idanu. "Kawu, ni na yafe nawa. Na Baba kuwa, sai ku haɗu a can." Ya juya ya tafi, babu wanda ya matsa masa hanya.

Matan suka kewaye ta suna kuka suna neman gafara. Kantin yana nan a bakin gari da fitilunsa, bai tafi ko'ina ba, amma a ranar kowace mace sai da ta sayi wani abu, ko da ashana ce. Da aka kawo sabon kwalin madara, Auta ta zauna a bencin Baba, ta karanta ranar da ƙarfi kamar yana gefenta yana saurare, ta tsoma tsinke a fenti ta ɗiga. Hoton ta ɗora a shafinta, ta rubuta a ƙasa: "Baba, an duba."