Ranar da Aka Ƙi Jinin Injiniya

Yana saman tsani yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a sashen masu dashen ƙoda ya fara ganinta. Tana zaune da jan biro tana duba aikin ɗalibanta, takunkumi ya rufe mata rabin fuska. Idanun nan kaɗai sun ishe shi. Sukudireba ta suɓuce masa ta faɗi a gabanta, ta ɗauka ta miƙa masa.

"Injiniya, a bar mu da ranmu mana, da ƙyar muka samo shi."

Tun daga ranar sunan ya bi shi, shi kuwa ba ya kiranta komai sai Malamata.

Ba ta ɓoye masa komai ba. Yayanta ne ya ba ta ƙoda, magani kuma ita da shi har ƙarshen rayuwa. Injiniya ko a jikinsa, aurenta yake so. Mahaifinsa, Baba, shi ne ya yi tsalle ya dire. Tsohon direban babbar mota ne, mai alfaharin cewa ko ƙwayar ciwon kai ba ta taɓa wuce maƙogwaronsa ba. Ya ce ɗansa ba zai auri asibiti ba, alhali ga 'yar maƙwabta nan lafiyayya, kullum tana aiko da gaisuwa.

Ana cikin haka jikin Malama ya rikice. Tabo ya riƙa fito mata ba tare da ta bugu ba, dasashinta na zubar da jini. Likita ya ce ɗaya daga cikin magungunanta ne ya karya ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Ya canza maganin, amma sai an ƙara mata ƙwayoyin da gaggawa. Rukunin jininta babu a ajiye, kuma ba a so a ɗiba daga wanda ya ba ta ƙodar.

Daga gadon asibiti ta turo saƙo: "Injiniyana, ka bi maganar Baba. Ba na so ƙuruciyarka ta ƙare a bencin asibiti. Na yafe maka."

Ya mayar mata: "Malamata, wannan amsar kin faɗi, sake rubutawa. Ga ni nan tafe da jinina."

Ya iso da ƙarfinsa. Rukuni ya dace, har ya naɗe hannun riga, sai nas ta tambaye shi ko ya sha wani magani kwanan nan. Ya ce babu, sai asfirin da ya sha da safe, don tunaninta ya sa masa ciwon kai. Nas ta ajiye allurar. Ta ce asfirin na kashe ƙarfin ƙwayoyin jinin da ake buƙata, sai ya jira maganin ya bar jikinsa, Malama kuwa ba ta da lokacin jira.

A bakin ƙofa Baba ya same shi durƙushe yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya zo ne ya tasa ƙeyarsa gida, har da jawabin da ya shirya tun a hanya. Jawabin ya gudu. Rabon da ya ga hawayen ɗan nan tun rasuwar mahaifiyarsa, sai tausayi ya kama shi. Ya saurari bayanin nas, ya girgiza kai.

"Kai da shan ƙwaya kamar kaza da tsaba. Yarinya, gwada ni."

Aka gwada, ya dace. Ya kwanta injin na ta tace jininsa, yana ta ba nas labarin tituna don kada a gane allura yake tsoro.

Da aka gama ya leƙa ɗakinta. Tana ganinsa ta yunƙura za ta sauko ta gaishe shi, ga robar ƙarin ruwa a hannunta.

"Kwanta, 'yata," in ji Baba. "Ni na yi kuskure. Ki warke, gida na jiranki."

Ta kuwa warke. Ƙwayoyin jinin suka hau, tabon ya baje, ƙodar na aikinta lafiya lau. Baba da kansa ya je neman auren, ya ƙi yarda kowa ya wakilce shi.

Ranar ɗaurin aure ya kama hannun amarya ya ɗora a na ɗansa, ya ce masa amana ce, jininsa ce, in ya ɓata mata rai da shi ya yi. Sannan ya ɗaga hannu ya roƙi Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Malama ta ce amin tana hawaye, Injiniya ya fi kowa ɗaga murya.